Shekarar da Inna Ta Kira Sunana

Ni ne mai laifi a kan abin da ya faru da kakarku, kuma gara ku ji daga bakina tun ina da sauran hankalin da zan faɗa. Na san labarin da kuka tashi da shi: wai Inna ta yi gigin tsufa, ta hana gida sakat, daga baya Allah ya kawo sauƙi ta natsu har ta cika cikin rufin asiri. Ni na ƙera wannan labarin. Na yi ta maimaita shi a zaure da kan dakalin masallaci har ya zauna daram, mutane suna cewa Malam Isiyaku ya riƙe uwa riƙon kirki. Babarku ta san yadda aka yi. Har yau ba ta tona ni ba, amma duk lokacin da wani ya yabe ni a gabanta sai ta tashi ta shiga madafi, ko da babu komai a kan wuta.

Ba za ku gane ba sai na fara da abin da ku ba ku sani ba. Yanzu ina ganinku kuna ɗora 'ya'yanku na fari a cinya, kuna kiran sunansu da ƙarfi, kuna ɗaukar su hoto da waya. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ko ciwo ya ji sai dai wata ta ɗauke shi. Alkunya ake ce wa wannan, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ni ne ɗan farin Inna. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, a ɗaya gefen ƙauyenmu, gonar gero ɗaya ce tsakani. A can na girma. In na zo gidanmu Inna sai ta kawar da kai, ta ja mayafi, ta yi magana da bango. "Wancan" take ce mini. Da na yi aure na zama "mai gidan can". Akwai wani Isiyaku mai sayar da kananzir a unguwarmu, shi ma ya rasa sunansa saboda ni, sai dai ta ce "mai sunan wancan". Ƙanena Sani kuwa, baffanku na birni, shi ya sha cinya da goyo da kira. Na san al'ada ce, kowa ya sani, ana ma yaba wa Inna a kan yadda ta riƙe ta fiye da kowace mace a ƙauyen. Amma yaro ba da al'ada yake jin yunwa ba. Na yi furfura ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma na ɗauka na daɗe da daina damuwa.

Ciwon ya shigo a hankali. Ta zuba gishiri a koko. Ta yi alwala ta zauna, ta sake tashi ta yi wata. Ta tambayi ko an kai wa Baba abinci gona, alhali Baba ya daɗe a kabari. Muka ce tsufa ne. Ni abin da na sa wa ido shi ne sallarta da cin abincinta da tsabtar jikinta, in waɗannan sun daidaita sai in ce yau Inna lafiya lau.

Wata ranar damina na dawo daga noma da fartanya a kafaɗa, tana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida. Sai na ji an ce:

"Isiya!"

Saura kaɗan fartanyar ta faɗi. Sunan da kakata take kirana da shi ke nan ina yaro, kuma babu wanda ya rage a duniya mai kirana haka. Na juya. Ba ni take kallo ba, ƙofar zaure take leƙe ta bayan kafaɗata.

"Malam," ta ce da ni, "ba ka ga yarona a hanya ba? Wani ɗan baƙi, siriri, yana da tabo a goshi."

Tabon yana nan ƙarƙashin hulata. Na ce, "Inna, ni ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, sai ta kwashe da dariya. Ban taɓa ganin dasashinta ba sai ranar.

"Kai? Da wannan gemun kamar na bunsuru? Allah ya shirye ka, Malam."

Daga ranar sunan ya zama abin bakinta. Kuma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: a wannan daminar Inna ta fi kowane lokaci na rayuwarta walwala. Matar da muka sani mai ɗaure fuska, mai magana ɗaya-ɗaya, ta koma mai hira da tsokana. Gari na wayewa za ta nemi a ba ta gyaɗa ta ɓare. Tana ɓara tana 'yar waƙar daka a hanci, ta zaɓi manyan ƙwayoyi ta ƙulle a bakin zanenta ta ce na Isiya ne. In la'asar ta yi sai ta lallaba ta fita ƙofar gida ta zauna tana kallon hanyar da ta ratsa gonar gero. Duk wanda ya wuce sai ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya ga yaron. In aka kira magariba bai zo ba, ba ta damuwa. Sai ta ce, "Kakarsa ce ta hana shi. Gobe zai zo." Ta ci tuwonta, ta kwanta, ta yi barci kamar jaririya. Kullum tana da gobe.

Babarku takan zauna kusa da ita tana tsinkar zogale, ta biye mata.

"Inna, wai shi Isiyan nan naki yana da kyau kuwa?"

"Kyau? Ina fa. Kunnuwa kamar faifai. Amma in ya yi tafiya, ke, sai ki ce ɗan sarki."

Ni kuma ina daga ɗaki ina ji. A haka na ji abin da aka ɓoye mini tun ina yaro. Ashe takan laɓe a bayan darni ta leƙa ta tsakanin kara don ta ga wucewata zuwa makarantar allo. Ashe ranar da na faɗo daga kan ɗorawa na fasa goshi, ta ɗauki tulu ta nufi rijiyar da ke bayan gidan kakata alhali randunanta cike suke, ta yi ta jan guga tana zubarwa har sai da ta ji kukana ya tsaya. Ashe ƙuli-ƙulin da nake tsinta a gindin rumbu duk ranar da na zo gida, ina ɗauka na yi wa wani sata, ita take ajiyewa. Kuna tsammanin zuciyata ta yi laushi. Ba ta yi ba. Wani abu ne mai ɗaci ya taso mini, na ce a raina: sai yanzu? Sai da haƙorana suka fara zuba? Kuma ko yanzun ma ba ni ake ba, wani yaro ake ba wanda ba ya nan, ni kuma ina tsaye ana ce mini Malam. Na yi kishi da kaina. Ban san ko akwai wautar da ta kai wannan ba.

Ga kuma kunyar mutane. A wurinmu babu alamar da ta fi nuna tsohuwa ta gama lalacewa kamar a ji sunan ɗan farinta a bakinta. Mata suka riƙa shigowa dubiya, su ji ta, su kama baki su ce, "Wayyo, har ta kai ga haka?" Ni ma da wannan na auna ta. Ranar da ta kira sunan da yawa sai in ce jiki ya tsananta, ranar da ta ɗan yi shiru in ce an samu sauƙi. Lokacin ni nake jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, ina ji da girmana ƙwarai.

Ke Hadiza, abin ya zo ƙarshe ne ranar da dangin mijinki suka zo gaisuwa. Ba laifinki ba ne, kada ki ɗauka. Mun idar da la'asar, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida da baƙin, manyan mutane daga Dawakin Tofa. Sai ga Inna ta fito, ɗankwali a karkace, ta tsaya a tsakiyarmu ta ɗaga murya ta fuskanci gona.

"Isiya! Isiya, ka zo in wanke maka ƙafa, kaushi zai kama ka."

Baƙin suka sunkuyar da kai. Da a nan aka tsaya da ya wuce. Amma Tanko yana wurin, taubashina, wanda tun muna yara ba ya raga mini.

"To Liman," ya ce, "tashi mana, ana kira. Ka yi sauri, wataƙila har da ɗan nono a rage maka."

Aka yi dariya. Ba ta mugunta ba ce, har baƙin sun ji daɗin an sassauta musu. Ni ma na yi yaƙe. Babarku ta leƙo ta ja Inna ciki da lallashi. Aka gama magana lafiya, aka yi addu'a, na raka baƙi har bakin titi. Sa'an nan na dawo na wuce kai tsaye ɗakinta, rana ba ta ma faɗi ba. Tana zaune a bakin gado tana gyara ƙullin gyaɗarta.

Ba zan ce shaiɗan ba ne. Na yi tunani kafin in faɗa. Na ce a raina, matar da ba ta tuna ta ci abinci, gobe ma ta manta, amma wataƙila ta huta da kiran na kwana biyu.

Na ce, "Inna, ki daina kiran yaron nan. Isiya ya rasu. An binne shi."

Ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallona.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. "Yaushe?"

"An daɗe."

"Ba a gaya mini ba." Ta sunkuyar da kai. "To, ai ba a gaya wa uwa."

Ba ta yi kuka ba. Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban baƙo, wannan kam ba ta manta ba. Ta sa yatsu ta kwance bakin zanenta, ta juye gyaɗar a tafin hannuna, ta naɗe mini yatsuna a kai.

"Malam, a yi masa sadaka da wannan. Ban taɓa kiransa ya ji ba."

Na fita da gyaɗar a hannu. Na zuba wa kaji.

Washegari ba ta nemi gyaɗa ba. La'asar ta yi ba ta fita ba. Na jira ta manta, kamar yadda take manta komai, ba ta manta ba. Ko kuwa ta manta maganar, nauyin ne ya zauna, Allah ne masani. Ta daina waƙa, ta daina tsokanar babarku, ta daina tambayar kowa komai. In aka ba ta abinci ta ci, in aka ce ta kwanta ta kwanta, in aka tsayar da ita salla ta bi. Duk abin da nake aunawa ya daidaita. Masu dubiya suka ce, "Kai, alhamdu lillahi, ta natsu." Liman ya tambaye ni wace addu'a na yi mata. Sani yakan bugo waya daga birni.

"Yaya, ya jikin Inna?"

"Da sauƙi sosai. Ta daina fita, ta daina kiraye-kirayen nan."

"Madalla. Allah ya saka maka, Yaya, kai ne ke fama."

Kun san mu. Mutum yana gargarar mutuwa a tambayi jikinsa a ce da sauƙi. Kalma ce da ba ta da ƙasa, duk abin da ka jefa a cikinta sai ta haɗiye. Na ɓuya a cikinta wata da watanni. Babarku ta ji abin da na faɗa a ɗakin, don tana bakin ƙofa da kwanon fura. Ba ta ce mini komai ba. Ta dai gwada gyarawa a bayan idona, na ji ta wata rana tana cewa, "Inna, Isiya yana nan da ransa, ga shi can yana alwala." Inna ta leƙa ta ce, "Wannan tsohon? Shi ne ya kawo mini labarin. Allah ya ba shi lada."

Da lokacin girbi ya kusa ƙafafunta suka kumbura saboda zama, muka ɗauke ta a mota zuwa asibiti a Minjibir. Wata ma'aikaciya ce ta duba ta, mace mai matsakaicin shekaru, ba ta da gaggawa. Ta gama da ƙafar, ta rubuta magani, sai ta juyo gare ni ta tambayi yadda Inna take a gida. Na jero mata da alfahari: tana ci, tana barci, ba ta fita, ba ta rigima.

"Wannan na ji, Baba," ta ce. "Wannan jin daɗinku ne ku masu jinya. Ita fa? Me take so?"

Na ce, "Ai ba ta san komai ba yanzu."

"Ba sani na tambaya ba. Mantuwa ba mu da maganinta, ba zan ɓoye maka ba. Amma mai wannan ciwon yana jin daɗi, yana jin baƙin ciki, ko da bai san sunan garinsu ba. Mu da wannan muke gane ko yana lafiya. Yaushe rabonta da dariya? Akwai abin da in ta yi take jin ta yi wa wani amfani? In gari ya waye, akwai abin da take jira?"

Na buɗe baki in ce da sauƙi, kalmar ta ƙi fita. Babarku ce ta amsa, idonta a ƙasa.

"Da akwai. Tana da yaron da take jira."

"To ina yake?"

Na kawar da kai. Ma'aikaciyar ta dube ni, ta dubi babarku, ba ta ƙara tambaya ba. Ta durƙusa ta gyara wa Inna takalmi, ta ce a riƙa fito da ita tana shan iska, kuma duk abin da aka ga yana faranta mata rai a bar mata shi, ko da mu a wurinmu shirme ne.

A mota muna dawowa, Inna tana tsakaninmu tana gyangyaɗi, babarku ta yi maganar da ita ce kaɗai ta taɓa yi mini a kan wannan.

"Malam, shekara nawa kana jira ta kira ka?"

Na juya ina kallon hanya ta taga.

"Ta kira, ka ce ka mutu."

Na so in ce muku daga ranar na gyara. Ban gyara ba. Girman kai ya riƙe ni har aka cire gyaɗa aka shanya. Kullum in ce gobe, ni da na ƙwace wa tsohuwa tata goben. Na riƙa kawo mata tsire da lemo daga kasuwa, na saya mata sabon bargo, duk don kada in buɗe baki. Ta karɓa ta ce, "An gode, Malam." Tanko ya zo dubiya, ya yi ta zolayarta ko za ta tanka, ya fito yana share ido ya ce mini, "Gara lokacin da take ba ka kunya." Shi bai san abin da na yi ba. Da na so in ɗora masa laifin saboda wasan da ya yi, amma wasan taubashi bai taɓa kashe kowa ba.

Wata safiya na ga numfashinta ya canja, na san in ban yi yau ba shi ke nan. Na ɗebi sabuwar gyaɗa a ƙwarya na shiga. Tana kwance ta fuskanci ƙofa, idonta biyu. Na durƙusa a ƙasa, abin da gwiwoyina suka daɗe ba su yi wa kowa ba sai Allah. Na ajiye ƙwaryar kusa da hannunta, ba ta taɓa ba. Na cire hulata. Na kamo yatsunta na ɗora a kan tabon goshina, na bi da su a kai daga farko zuwa ƙarshe.

Na ce, "Ɗorawar bayan gidan kaka. Kika zo rijiya da tulu, alhali randunanki cike suke."

Yatsun suka tsaya a wurin. Ta dube ni, kallon da ban san iyakarsa ba. Sai ta zare hannunta a hankali, ta jawo mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta juya ta fuskanci bango.

Har gobe ban san me wannan yake nufi ba. Wataƙila ta gaji ne da wani tsoho mai damunta. Wataƙila kuma ta gane ni, ta yi mini abin da ta saba yi wa ɗan farinta tun ina yaro. Na yi shekaru ina juya shi, wani lokaci in zaɓi wannan, wani lokaci wancan, kuma na san wanda nake so ya zama gaskiya, shi ya sa ban yarda da kaina ba. Ba ta sake magana ba har ta cika bayan kwanaki kaɗan. Sunan bai ƙara fitowa daga bakinta ba.

In nawa tsufan ya zo da irin wannan, kuma ina jin alamunsa, kada ku auna ni da shiruna. In na kira wanda ba ya nan, ku ce mini yana hanya.

Abin da na faɗa a ɗakin, bayanta na faɗa wa, gwiwoyina a ƙasa, hulata a hannu, babarku tana tsaye a bakin ƙofa:

"Inna, Isiya ne. Ban mutu ba, ƙarya na yi miki. Duk kiran da kika yi na ji, tun na farko na ji, ina tsaye a gabanki na ƙi amsawa. Gyaɗar da kika ba ni ban yi sadaka da ita ba, kaji na zuba wa. Na'am, Inna. Na'am. Ki yafe mini."